An kira ni aiki a cibiyar jinyar matasa masu matsalar ƙwaƙwalwa: in karɓa ko in haƙura?

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu zuwa ƙasar nan ta Amurka. Ina Columbus a jihar Ohio, takardar izinin aikina ta fito. Wata cibiya da ake kwantar da yara 'yan shekara 12 zuwa 17 masu matsalar ƙwaƙwalwa ta kira ni ganawa. Ba asibiti ba ne sosai, gida ne da yaran ke zama wata da watanni, ana ba su magani, suna karatu a ciki. Aikin shi ne zama da su: tashinsu da safe, raka su aji, cin abinci, sa ido da dare. Digirina na nazarin zamantakewa ne daga gida. Maigidana ya ce gara in shiga kula da tsofaffi kamar yadda kowa ke yi. Ni kuma raina ya fi kwantawa da yaran. Akwai wanda ya taɓa yi?

Kawu na Bronx: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki bi maganar mijinki. Tsoho dai ba zai fasa miki baki ba.

Hajiya Ladi: Kawu, ashe ba ka taɓa jinyar tsoho mai ciwon mantuwa ba. Su ma suna kai hannu.

Abu Sudais: Na yi wannan aikin a Minnesota kafin in koma tuƙin babbar mota. Bari in gaya miki yadda yake, ke ki yanke.

Aikin dare na yi. Kowane minti 15 sai ka zaga ɗakuna da 'yar tocila. Ba leƙawa za ka yi ka wuce ba, sai ka tsaya ka ga ƙirjin yaro yana ɗagawa yana sauka, sannan ka rubuta lokacin ka sa hannu. Wanda aka ce yana tunanin kashe kansa kuwa, kujera za ka ja bakin ƙofarsa ka zauna, idonka a kansa har gari ya waye. Bayan cin abinci ana ƙirga cokula. Fensir ma ƙirga shi ake yi, in ɗaya ya ɓace ba mai barin falon sai an gano shi. Igiyar takalmi, bel, wayar caji, duk a ofis suke kwana.

Mutane suna zaton faɗa ne wahalar aikin. A wurina lokacin kiran waya ya fi komai nauyi, wajen bayan magariba. Yaro zai bi layi, ya kira uwarsa, ta ƙi ɗauka, ya dawo falo ya kifar da tebur. Sabon ma'aikaci teburin zai bi da ido. Wanda ya daɗe tun yaron na ajiye wayar ya karanci fuskarsa, ya taso ya ce zo ka raka ni mu zaga fili. In kin iya wannan, kin iya rabin aikin.

Abin da ya kore ni ba yaran ba ne. Ƙarancin ma'aikata ne. Ka gama awa takwas, wanda zai karɓe ka bai zo ba, kuma ba a barin yara su kaɗai, dole ka zarce da wasu takwas. Ga kuɗin bai kai dala 20 a awa ba a lokacin. Wanda ke ɗaga kwali a rumbun ajiyar kaya kusan abin da yake ɗauka ke nan, kuma kwali ba ya zagin uwarka.

Maman Hanan: Innalillahi. Har da zagi?

Abu Sudais: Har da tofa yawu, 'yar'uwa. Da safe kuma shi zai zo ya ce ka taya shi lissafi kamar ba abin da ya faru.

Kawu na Bronx: To ku gaya min bambancin wannan da gidan mari. A kulle yaro, a ƙwace masa igiyar takalmi, in ya yi gardama a danne shi. Gidan mari ne mai na'urar sanyaya ɗaki. Ni ɗan Kaduna ne, na san abin da aka gani a Rigasa a watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga gida guda, wasu da sarƙa a ƙafa. Bayan 'yan makonni aka ga irinsa a Daura. Duniya ta yi ta zaginmu. Ashe su ma suna yi, sun dai iya fenti ne.

Sista Bilki: Kawu, ranka ya daɗe, maganarka da ƙamshin gaskiya, ba zan kare ɓarna ba. Ni nas ce ta ɓangaren ƙwaƙwalwa, a gida na yi karatu, yanzu ina Maryland, kuma a irin wannan cibiyar nake.

A ƙarshen watan Afrilu na 2020, a wata cibiya mai suna Lakeside Academy a Kalamazoo, jihar Michigan, wani yaro ɗan shekara 16, Cornelius Fredericks, ya jefa burodi a ɗakin cin abinci. Ma'aikata suka danne shi a ƙasa na tsawon mintoci. Bayan kwana biyu ya rasu a asibiti. An gurfanar da mutum uku, biyu daga cikin waɗanda suka danne shi, ta ukun kuma nas ce, saboda jinkirin neman agajin gaggawa. Aka rufe wurin. A watan Yuni na 2024 kuma kwamitin kuɗi na majalisar dattawan Amurka ƙarƙashin Sanata Ron Wyden ya fitar da rahoto kan manyan kamfanoni huɗu masu irin waɗannan cibiyoyi. Abin da ya nuna shi ne ana cika gadaje, ana rage ma'aikata, kuɗin gwamnati na shiga, yara na cutuwa. Paris Hilton ma, tauraruwar talabijin ɗin nan da kuke gani, ta sha ba da labarin abin da ta ce an yi mata a wata makaranta irin wannan a Utah tana yarinya, ta yi ta zarya majalisa har Biden ya sa hannu kan dokar yaƙi da cin zarafin yara a irin waɗannan wurare a Disamba 2024.

Inda na rabu da kai shi ne nan. A cibiyoyin jinyar ƙwaƙwalwa na yara da Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ke biya, ƙa'idar tarayya a rubuce take. Ba a danne yaro don horo, ba a danne shi don ma'aikaci ya huta, sai in zai ji wa kansa ko wani ciwo a wannan lokacin. Sai da umarnin likita ko wanda doka ta ba wannan ikon. Cikin awa ɗaya dole a zo a duba shi ido da ido. Ɗan shekara 9 zuwa 17 umarnin ba ya wuce awa biyu. Dole a sanar da iyaye, kuma cikin awa 24 a zauna da yaron da ma'aikatan a tattauna abin da ya jawo. Ana karya ƙa'idar, ƙwarai kuwa. Amma akwai abin da aka karya, akwai kyamara, akwai mai lasisin da za a ƙwace. Yaron da ke Rigasa wa zai kai wa ƙara?

Maman Hanan, abin da nake so ki ɗauka a labarin Michigan shi ne, ma'aikatan da ke wurin ne suka tsaya gaban alƙali. Hannunki ne zai taɓa yaron, ba na mai kamfanin ba.

Kawu na Bronx: Kin ga kin ƙara min hujja ke nan.

Sista Bilki: Na ƙara maka hujjar a zaɓi wurin da za a shiga, Kawu, ban ba ka ta a gudu ba.

Ɗan Zazzau: Bari in shigo ta ɓangaren da ba a taɓa ba, wato ina wannan aikin ke kai mutum. Ni ina digiri na biyu kan aikin walwalar jama'a, kuma daga irin wannan kujerar na fara.

A cibiyar akwai hawa-hawa. Akwai masu zama da yara, wanda aka kira ki. Akwai shugaban zango na kowane lokacin aiki. Akwai nas-nas masu ba da magani. Akwai masu zama da yaro su yi masa jinya ta hanyar tattaunawa, shi kaɗai, ko cikin rukuni, ko tare da iyayensa. Akwai malaman aji, akwai mai bin takardun yaro tsakanin kotu da makaranta da inshora, sai likitan ƙwaƙwalwa na yara, wanda a wurare da yawa ba kullum ake ganinsa ba. Abin mamakin shi ne mai tattaunawa da yaro sau ɗaya ko biyu a mako yake zama da shi, ke kuwa kina tare da shi yini guda. Wanda ya fi kowa ƙarancin albashi da horo shi ya fi kowa sanin yaron. Wannan ita ce babbar ɓarakar harkar gaba ɗaya.

Digirinki na zamantakewa zai taimaka wajen ɗaukarki, amma kada wani ya ruɗe ki, ba shi ne digirin aikin walwala ba, ba zai ba ki lasisi kai tsaye ba. Ki fara kai takardunki a tantance su, WES na cikin masu yi. In kina son zama mai jinya ta tattaunawa mai cin gashin kanta, sai kin yi digiri na biyu a makarantar da CSWE, hukumar tantance karatun aikin walwala, ta amince da ita, ki ci jarabawar lasisi ta ASWB, ki yi aiki ƙarƙashin kulawar mai lasisi. A Ohio shekara biyu ne, awa 3,000. Hanya ce mai tsawo, amma a bayyane take. In kina son abin da ya fi kusa, akwai shaidar mataimakin mai ba da shawara kan shaye-shaye, CDCA, da ake farawa da kwas na awa 40.

Abu biyu kuma. Wasu cibiyoyin suna taimakawa da kuɗin makaranta, ki tambaya. Kuma in wurin ba na neman riba ba ne, aikin na iya shiga lissafin shirin yafe bashin karatu na gwamnatin tarayya bayan biya 120, wato shekara goma.

Hajiya Ladi: Ni dai wannan awa 3,000 ɗin ta sa ni jiri.

Admin: Wata 'yar'uwa ta turo min wannan ta sirri, ta ce in sa ba tare da sunanta ba. Don Allah kada kowa ya tsaya hasashen ko wace ce.

"Ni uwa ce, 'yata ta yi watanni a irin wannan wurin bayan ta fara yanka hannunta. Ba wanda ya sani a masallacinmu, mun ce ta je wajen gwaggonta a wata jiha. Ranar da na kai ta, matar da ta karɓe mu ta zazzage jakarta, ta cire allurorin hijabinta ɗaya bayan ɗaya ta zuba a leda. Na san aikinta take yi, amma ko kallona ba ta yi ba. Azumi ya zo tana ciki, maganinta kuma da rana ake ba ta. Ba wanda ya san me ake cewa sahur. Sai wata ma'aikaciya 'yar Somaliya mai aikin dare ta kai maganar wajen nas, nas ta kai wa likita, aka duba aka ga za a iya gyara lokacin maganin. Ita ke ajiye mata abinci a firji ta tashe ta kafin asuba. 'Yata ta fito, tana makaranta yanzu, alhamdulillah. Sunan likitan ma ta manta, amma wannan matar har yau tana ambatonta. Maman Hanan, 'ya'yanmu na cikin wuraren nan fiye da yadda kuke zato. Muna ɓoyewa ne kawai."

Hajiya Ladi: Allahu akbar. Allah ya ƙara mata lafiya, ya rufa mana asiri.

Kawu na Bronx: Amin. Wannan kam ba ni da ta cewa.

Malam Abu Ammar: Allah ya ba ta lafiya. Amma mu ji tsoron Allah, da yawan abin da ake kira ciwon ƙwaƙwalwa a yaran nan shafar aljanu ne da rashin tarbiyya. Yaro ya bar salla, ya kwana a waya, me ake jira? Ruƙya da azkar suka kamata, ba ƙwayoyi ba.

Sista Bilki: Malam, ba wanda ya hana addu'a, ni ma ina yi wa marasa lafiyata a zuciyata. Amma na ga hafizai da ciwon damuwa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce cikin kowane matasa bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Yawancin yaran da ke zuwa mana kuma in ka buɗe fayil ɗinsu sai jikinka ya mutu: wanda aka yi wa fyaɗe yana ƙarami, wanda ya zaga gidajen riƙo ya rasa inda zai kira gida, wanda ya ga an harbe yayansa. A yi ruƙya, a sha magani. Wanda ya ce wa uwa ta jefar da maganin ɗanta, in wani abu ya faru ba shi zai yi zaman makoki ba.

Malam Abu Ammar: Ban ce a jefar ba.

Likita daga Kano: Ina karanta ku daga gida ina murmushin takaici. Kuna kukan ƙarancin ma'aikata. Mu nan likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha faɗa, ga mutane fiye da miliyan 200, kuma waɗanda suka ƙware kan yara a cikinsu 'yan ƙalilan ne. A arewa in ka cire asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau a Kano da sassan asibitocin koyarwa, me ya rage? Uban da ɗansa ya faɗa shan kodin ko tiramadol ba mugunta ce ke kai shi gidan mari ba, Kawu, rashin inda zai je ne. Sai a Janairu 2023 Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kafin nan da dokar mahaukata ta 1958 muke aiki. Dokar ta zo, ma'aikatan da za su aiwatar da ita kuma suna layin NCLEX, jarabawar samun lasisin aikin nas a Amurka. Sista Bilki, da ke nake.

Sista Bilki: Na ji, Likita. Ka biya ni abin da zan riƙe iyayena da ƙannena, gobe in sayi tikiti.

Likita daga Kano: Ni ma ban biya kaina ba. Amma da gaske, Maman Hanan, in kin shiga ki koyi yadda ake sauko da yaro daga fushi ba tare da an taɓa shi ba. Wannan ilimin ba ya buƙatar wutar lantarki, kuma shi muka fi rasa a nan.

Ɗan Zazzau: Akwai abin da ya kamata a gaya mata tun yanzu, kada ta ji shi a ranar horo ta firgita. Duk mai wannan aikin doka ta ɗora masa kai rahoto in ya yi zargin ana cutar da yaro. Ba zaɓi ba ne. In yarinya ta ce miki babanta ya zane ta da waya har ya bar tabo, sai kin kai, ko da babanta a sahu ɗaya yake salla da mijinki. Haka kuma sirrin yaran. Ba a kawo sunansu gida, ba a kawo shi zauren nan.

Kawu na Bronx: Wato ta zama mai kai ƙarar 'yan'uwanta wajen hukuma. A raba uba da 'yarsa saboda ya yi mata tarbiyya.

Ɗan Zazzau: Kawu, kai rahoto ba shi ne ƙwace yaro ba, bincike ake yi. Kuma wanda ya bar tabo a jikin yarinyar da ke yanka kanta, ban san sunan da za a ba wannan tarbiyyar ba.

Kawu na Bronx: Mu an doke mu, ga mu nan.

Hajiya Ladi: Ga mu nan da hawan jini, Kawu.

Abu Sudais: Wani abin kuma, za ki haɗu da yara iri-iri, har da waɗanda rayuwarsu da aƙidarsu ta saɓa da duk abin da aka rene ki a kai. Ba wa'azi aka ɗauke ki ba. In kin san ba za ki iya miƙa wa irin wannan yaron abinci da fuska ɗaya da sauran ba, ki bar aikin tun yanzu, don suna ganewa cikin minti biyar.

Maman Hanan: Na gode ƙwarai, kun buɗe min ido. Jibi ne ganawar. Me zan tambaye su da zai nuna min ko wurin kirki ne? Sannan hijabina fa, za su yarda?

Sista Bilki: Hijabi ba matsala, doka ta ba ki haƙƙi. Amma don lafiyarki ki nemi ƙaramin nan da ake zurawa ba allura, ki cusa bakinsa cikin riga. Dogon mayafi abin ja ne a wuya. Igiyar katin shaida ma irin mai ɓallewa da kanta in an ja ake sawa. 'Yan kunne masu lilo a bar su a gida.

Tambaya kuwa, ki fara da ma'aikaci nawa ke kan yara nawa, da rana da kuma da dare, kuma in wani bai zo ba me ake yi. Ki tambayi horon kwana nawa za a ba ki kafin a bar ki da yara, kuma wane irin horon kwantar da yaro in ya harzuƙa ne, CPI ne ko TCI na jami'ar Cornell ko wani. In suka ce za ki koya a kan aiki, ki ɗauki jakarki. Ki tambaye su sau nawa aka danne yaro a watan jiya. Wurin kirki sun san adadin, suna bibiyarsa, suna ƙoƙarin rage shi, ba za su ji haushin tambayar ba. Ki tambayi wanda ya fi daɗewa a masu zama da yara shekararsa nawa. In duk zangon ba wanda ya shekara, akwai dalili.

Kuma ki roƙi a zaga da ke ciki. Ki dubi bango ko akwai zanen yaran a manne ko ramukan naushi da ba a gyara ba. Ki saurari yadda ma'aikata ke kiran yaran, da suna ko da lambar ɗaki. Ki duba ko ma'aikatan na zaune cikin yaran ne ko sun taru a ofis bayan gilashi kowa na danna waya.

Abu Sudais: Ki ƙara da wannan: in yaro ya ji miki ciwo, wa ke biyan asibiti, kuma ana biyan kwanakin da kika yi a gida? Ki sa su nuna miki a rubuce.

Maman Hanan: Na rubuta duka. Sun ce akwai gurbi a aikin yamma, ƙarfe 3 zuwa 11, da na dare, 11 zuwa 7. Wanne ya fi wa sabuwa?

Abu Sudais: Dare. Yara na barci, ana ƙara ɗan kuɗi, in kin fara makaranta ma za ki samu sarari.

Sista Bilki: A'a, Abu Sudais. Da dare ma'aikata sun fi ƙaranci, manya duk sun tafi gida, in abu ya ɓaci ita da mutum ɗaya ne. Kuma ba za ta koyi komai ba sai zagaye da tocila. Yamma ce mai zafi, an tashi daga aji, ga kiran waya, ga lokacin kwanciya, amma a nan ƙwararrun suke, a nan za ta ga yadda ake yi. Ta yi wata shida a yamma tukuna.

Maman Hanan: Matsalar yamma Hanan na dawowa daga makaranta ƙarfe uku da rabi, babanta kuma sai shida.

Hajiya Ladi: Wace unguwa kike a Columbus? Ki yi min magana ta sirri, akwai wata 'yar Agadas kusa da masallaci da ke riƙe yara bayan makaranta.